Akwatin Yaya da ya yi wata huɗu yana cin wuta a banza

Har yanzu wuyana bai saki ba saboda sunkuyon da na sha ƙarƙashin tebur satin da ya wuce, kwana biyu cur.

Yayana na da situdiyo nan Badariya cikin Birnin Kebbi, ɗaukar hoto da bidiyon biki, kamu, walima, saukar karatu, duk dai abin da ya samu. Bara ni na matsa mai ya sayi akwatin ajiya wanda ake ce ma NAS, ƙaramar na'ura ce mai had disk biyu a ciki, ana jona ta da rauta, laftof ɗin shagon su riƙa zuba kwafin aikinsu ciki da kansu. Ni na haɗa, ni na saita, na amshi kuɗin mai na yi gaba, tun ranar ban sake leƙawa ba. Wannan kam laifina ne, na ɗauka.

To ran Talata sai ga kira, wai laftof ɗin yaron da ke edita tana wata irin ƙara ƙas ƙas, ga bidiyon wani biki da sunka ɗauko a Jega yana ciki, dangin amarya sun fara damu. Na ce Yaya kwantar da hankalinka ai akwai bakof. Na zo na buɗe akwatin da gadara ta, wallahi abu na ƙarshe da ya shiga ciki tun kafin azumi ne. Yaya ya dube ni, na dubi yaro, yaro ya dubi silin.

Yaya har ya fara faɗin an sayar mai da jabu, a maida. Na ce a bari in duba tukun. Fitilun akwatin duk kore ne, fanka na juyawa, diski biyun lafiyarsu lau. Amma daga laftof in ka taɓa folda sai ta ce ba ta ga hanya ba, ta kawo lambar nan 0x80070035. Na yi ping, wato na aika ɗan saƙon gwaji in ji ko za a amsa, zuwa lambar akwatin da na saita ma laftof bara, 192.168.0.105, abin mamaki ta amsa. Na shiga shafin rauta in ga wa ke riƙe da lambar, ashe wayar wani mai shagon ɗinki ce da ke maƙwabtaka da su, Yaya ya taɓa ba shi fasuwad ɗin wayfay.

Nan abin ya faɗo min. Rauta ita ke raba ma kowace na'ura lamba, kuma aro take badawa ba kyauta ba, shi ne ake ce ma DHCP. Irin ƙananan rautocin nan da yawansu in wuta ta ɗauke mantawa suke da wa sunka ba wace lamba. In an tada janareta rauta ta farka cikin minti ɗaya, wayoyin mutane su yi caa su kwashe lambobi, shi kuwa akwati sai ya ɗau mintoci yana tada diskinsa, kafin ya iso layi wani ya zauna kujerarsa sai a ba shi wata. Laftof kuma tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. A shagon da ake sauyawa tsakanin wuta da janareta sau uku sau huɗu a yini, abin mamakin ma shi ne da ya yi watanni yana aiki. Gyaran bai kai minti biyar ba, cikin saitin rauta akwai wurin da za ka ɗaure lamba ɗaya ga lambar MAC ta akwatin, wato lambar shaidar da ya zo da ita daga kamfani, ko wa ya riga zuwa ba za a ba shi ita ba.

Na tambayi yaron, kai ba ta taɓa nuna maka wani saƙo ba? Ya ce, Oga tana nunawa, kullum a gefen ƙasa, wai a sake jona ma'ajiya, ni na ɗauka irin tallan nan ne sai in rufe. Ban iya yi mai faɗa ba, don ban taɓa gaya mai ma'anar saƙon ba.

Na ɗauka an gama, sai matsala ta biyu, sabuwar laftof ɗin Yaya mai Windows 11. Ita tana ganin akwatin sarai amma ta ƙi shiga. Bara don sauƙi na bar foldar a buɗe, kowa ya shiga a matsayin baƙo ba suna ba fasuwad. To sabon zubin Windows 11 da ya fito a 2024, wanda ake kira 24H2, ya tsaurara wanga abu, yana son a riƙa sa hannu kan saƙonnin da ke tafiya tsakaninsa da ma'ajiya, kuma shigar baƙo ba ta tafiya da wannan. Yaron ya nuno min wani bidiyo a YouTube wai a kunna SMB1, tsohuwar hanyar da Windows ke magana da ma'ajiya, komai zai tafi. Na ce a'a ɗan'uwa. Ta wannan tsohuwar ƙofar ce cutar kwamfutar nan WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a duniya har da asibitocin Ingila, kuma tun ƙarshen shekarar Microsoft ta daina sako ta a kunne cikin sabbin Windows 10. Banda haka ma ba ita ce matsalarmu ba. Na buɗe ma kowa sunansa da fasuwad ɗinsa cikin akwatin, na rufe ta baƙi. Ta ɗan ƙara yi min gardama don Windows ba ta yarda ka shiga na'ura ɗaya da suna biyu a lokaci guda, sai da na goge tsohon bayanin cikin Credential Manager, inda Windows ke ajiye suna da fasuwad, na kashe na kunna sannan ta miƙa wuya.

Amma wadda ta fi ƙona min rai ita ce ta uku, don ko da lambar ba ta taɓa canzawa ba da bidiyon Jega bai shiga ba. Bara da File History, tsarin bakof na cikin Windows, na yi saitin, shi kuma ba duk kwamfuta yake kwafa ba, manyan foldojin mai kwamfuta kawai yake bi, na takardu, hotuna, bidiyo, waƙoƙi da abin da ke kan fuskar allo. Yaron kuwa da C, babban ɓangaren diskin laftof, ta cika sai ya buɗe folda a ɗaya ɓangaren, D, ya sa mata suna AIKI SABO, can yake zuba komai. Wato watannin da muke ganin bakof na tafiya lafiya, rasit da tsofaffin hotunan fasfo yake ta kwasa, ainihin abincin shagon ko sau ɗaya bai taɓa ba. Na zauna shiru na ɗan lokaci, Yaya na tambaya ta lafiya, na ce lafiya lau Yaya, lissafi nake.

Allah ya taimake mu diskin bai gama mutuwa ba. Ban yarda a yi ta wayfay ba, bikin ya kai giga 60, a yadda na ga wayfay ɗin shagon na jan kamar mega 4 a daƙiƙa sai an yi awa huɗu, diski mai ƙara kuma ba a ba shi awa huɗu, ga yaro da ɗabi'ar rufe murfin laftof in zai tafi sallah, tana barci kwafi ya tsinke. Na aika anka sayo kebul, munka jona kai tsaye a rauta, da diskin lafiyayye ne minti goma ya isa, wanga kam ya kai kusan arba'in yana tsayawa yana tashi, fayil biyu sunka ƙi fitowa, su ma an same su a katin kyamara don ba a riga an goge ba.

Wajen nan ne Yaya ya gano wai diski biyu masu tera 4 da ya saya ba tera 8 sunka ba shi ba. Na ce ai na gaya maka bara, ɗaya madubin ɗaya ne, in wanga ya mutu wancan ya riƙe. Ya ce to ai shi ke nan muna da bakof biyu. Na ce a'a, in yaro ya goge folda bisa kuskure duka biyun za ta goge lokaci guda. Bai gamsu ba, ni ma na gaji, munka bar ta nan.

Yanzu na sa foldar D cikin lissafi, na hana laftof barci in tana jone da caja, na canza fasuwad ɗin wayfay, mai ɗinki ya yi fushi kwana ɗaya ya huce. Kafin in tafi na sa yaron ya goge wani hoto da gangan ya dawo da shi daga akwati da hannunsa, sau biyu, ina tsaye. Saura UPS, batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, don yanke wuta kai tsaye yana wahalar da diski, na faɗi kuɗin Yaya ya ce sai bayan bukukuwan sallah. Jiya da dare ya turo min hoton akwatin wai wata fitila na ƙyafta ruwan lemo, gobe da safe zan biya in gani, ina zargin ƙurar da na gani maƙare a fankar ce.