Yadda na farfaɗo da cok mai tsatsa a tsohon injin huda katako

Injin hudar da ke shagona na kafinta a Tudun Wada ya girme ni, domin a hannun maigidan da ya koya mini sana'a na same shi, shi ma kuwa ba sabo ya saya ba. Irin mai tsayuwa a kan ginshiƙi ne, gangar jikinsa ƙarfen zubi, da bel da fuli a sama, da tebur mai hawa da sauka. Motar da ke juya shi da boris ɗinsa suna nan garau. Abin da ya tsayar da shi shi ne mariƙin mahuji, wato cok, wanda ruwa ya riƙa ɗiga a kansa tsawon damina ta wata ɓula a kwanon ɗakin ajiya, har tsatsa ta kama shi, makulli ya kasa juya shi gaba ko baya.

Abokan sana'a sun ba ni shawarar in sayi sabo in huta, amma da na goge ƙurar da ke jikinsa sai na ga tambarin Jacobs, tare da rubutun da ke nuna cewa yana kama mahuji har mai kaurin rabin inci, wato kimanin milimita 13, da kuma alamar 33, wato ma'aunin ramin da ke bayansa. Wannan nau'in mai makulli da haƙora uku masu riƙe mahuji, Arthur Jacobs ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1902, kuma an ƙera shi ne ta yadda za a iya kwance shi a gyara. Ƙarfen irin waɗannan tsofaffin ya fi na yawancin masu araha da ake kawowa kasuwa yanzu, don haka ban ga dalilin jefar da shi ba tun ban ga cikinsa ba.

Kafin in taɓa komai na zare wayar injin daga soket, domin wuta tana iya dawowa ba sanarwa alhali hannun mutum yana cikin aiki. Daga nan na duba yadda aka ɗaura cok ɗin, saboda ba duka aka ɗaura iri ɗaya ba. Na injin hannu yawanci murɗa shi ake yi a kan zare, kuma a cikinsa akwai wani ɗan sukuru da ake kwancewa ta hannun dama, akasin yadda aka saba. Na irin injina kuwa babu zare, babu sukuru, babu walda. Wata gajeriyar sandar haɗi ce mai tsukakkun kawuna biyu: kai ɗaya yana shiga ramin da ke bayan cok, ɗayan yana shiga ramin shaf ɗin injin. Na sauko da hannun injin har tsagar da ke gefe ta bayyana, na juya shaf ɗin da hannu har tsagarsa ta yi daidai da ita, na zura wani ƙarfe mai siffar weji, wato mai sirin baki da kaurin gindi, na ɗan buga shi da guduma. Na riga na ɗaga tebur na shimfiɗa katako da tsumma a ƙasa, don haka da cok ɗin ya saki, a kan taushi ya faɗo.

Na tsoma shi gaba ɗaya cikin gwangwanin kananzir na bar shi ya kwana biyu yana sha, ina ɗauko shi lokaci zuwa lokaci in goge haƙoran da makulli ke kamawa da buroshin waya, in ɗan ƙwanƙwasa gefensa da guntun katako, in mayar. Kananzir ba ya cin tsatsa, amma yana ratsa ƙananan wurare ya jiƙa busasshen giris da garin katako da suka daskare a ciki. Yaron shagona ya kawo shawarar baƙin mai, kamar yadda ake yi wa sarƙar babur, na hana shi, domin baƙin mai yana ɗauke da garin ƙarfe da dattin inji, kuma su ne ainihin abin da nake ƙoƙarin fitarwa. Ban kuma yarda a sa bututu a kan makulli don ƙara ƙarfi ba, saboda haƙoran makullin ko na rigar cok ɗin ne za su karye. A hankali makulli ya fara motsawa kaɗan, ina kai shi ina dawo da shi, har haƙoran uku suka fito zuwa rabi.

Sauran aikin ya fi ƙarfin kayan shagona, sai na kai shi wurin wani dattijo mai injin tona, wato na sassaƙar ƙarfe, a Sabon Gari, wanda yake da injin matsa ƙarfe. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, so nake a buɗe shi ba tare da an ji masa ciwo ba." Ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗana, tunda ka kawo shi haƙoransa suna rabi, ka rage mini aiki." Dalilin shi ne, idan haƙoran suna can ciki gaba ɗaya, rigar waje za ta kama gindinsu yayin da ake tura ta, ta ɓare su. Da wasu weji biyu masu baki kamar cokali mai yatsu ya raba sandar haɗi da cok, ya sa su suna fuskantar juna ya matse su. Sannan ya ɗora cok ɗin a kan wani zoben ƙarfe ya tura rigar ta fita ta wajen baki. A ƙarƙashinta akwai noti mai gida biyu, wanda wanda bai sani ba zai ɗauka karyewa ya yi, alhali tun daga masana'anta ake tsaga shi don ya iya shiga mazauninsa. Haƙoran uku kuma ba ɗaya suke ba, domin zaren da ke bayan kowanne ya ɗan gota na ɗan'uwansa. Idan aka sauya jerinsu, ba za su haɗu a tsakiya ba har abada. Saboda haka kafin mu zare su, na yi wa kowane haƙori da raminsa alama.

A gida na jiƙa rigar da notin da haƙoran cikin ruwan khal na 'yan sa'o'i, ina dubawa a kai a kai. Tsamin da ke cikinsa bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, amma idan aka manta da ƙarfe a ciki, bayan ya gama da tsatsa zai koma cin lafiyayyen ƙarfen ya bar fuskarsa da kaushi. Da na tsame su na wanke da buroshi, na ɗauraye su da ruwan kanwa don ya kashe sauran tsamin, na sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, na goge, na shanya a rana, na shafe su da mai nan take. Ƙarfen da ya fito daga tsami tsirara yake, kuma a iskar damina yakan fara ja tun kafin ya gama bushewa.

Ramin da ke bayan cok da kawunan sandar haɗi ne ban bari tsami ko samfefa mai kaushi su kusance su ba, kuma a nan ne duk aikin yake. Abin da ke riƙe cok a jikin inji shi ne haɗuwar fuskoki biyu masu tsukewa iri ɗaya. Tsukewar da ke shiga shaf ana kiranta da sunan Stephen Morse, wanda ya fito da ita a Amurka a shekarun 1860, kuma ta injina mai lamba 2 ce, wadda faɗin babban kanta milimita 17.78 ne, tana raguwa da kusan milimita 1 a kowane tsawon milimita 20. Da yake raguwar kaɗan ce ƙwarai, duk lokacin da aka danna mahuji cikin katako sandar tana ƙara zama, kamar yadda ruwan gatari ke ƙara zama cikin ƙota a duk sara. Amma wannan riƙon yana aiki ne kawai idan ƙarfe ya kwanta a kan ƙarfe daga sama har ƙasa. Ƙwayar yashi ɗaya, ko ɗan tudun tsatsa, ko kaifin da guduma ta tayar, ya isa ya karkatar da cok ko ya sa ya faɗo ana tsakiyar aiki. Haka kuma wanda ya ɗauki samfefa ya dirje wurin har ya yi ƙyalli, ya cire tsatsa tare da ƙarfen, ya sauya siffar da aka auna a masana'anta, kuma ba shi da hanyar mayar da abin da ya cire.

Abin da na yi shi ne na feƙe guntun katako mai taushi daidai ramin, na naɗa masa tsumma mai kananzir na riƙa juyawa ina sauya tsumman har ya daina fitowa da ja. Inda tsatsa ta yi tudu, na bi ta a hankali da lallausan soson ƙarfe. Ƙananan ramukan da tsatsa ta ci ta bari ban damu da su ba, domin abin da ya lotsa ciki ba ya hana fuskoki haɗuwa, abin da ya taso sama ne yake hanawa. Haka na yi wa ramin shaf ɗin injin, ina haska shi da tocila daga ƙasa. Don in tabbatar, na ja layuka uku da alƙalamin maka a tsawon kan sandar, na zura ta cikin ramin da hannu, na ɗan murɗa, na zaro. Inda tawadar ta goge, nan ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A ɓangaren Morse layukan sun goge kusan daga farko har ƙarshe. A ɓangaren cok kuwa sai na tarar da kan sandar yana da zane mai zurfi da ya kewaye shi, alamar ya taɓa juyawa a cikin ramin tun kafin ruwa ya same shi, kuma wannan ya wuce gyara da hannu.

Neman wata sandar ya koya mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Yawancin waɗanda na gani a shagunan kayan aiki masu alamar B16 ne, wato ma'aunin Jamus, kuma masu sayarwa da zuciya ɗaya suke cewa za ta shiga. Shiga kam tana shiga, domin babban kanta milimita 15.73 ne, na Jacobs 33 kuma milimita 15.85, bambancin da ido ba ya gani. Sai dai gangaren tsukewarsu ba ɗaya ba ne. Da na gwada ɗaya da maka a gaban mai shagon, zobe ɗaya siriri kawai ya goge, sauran tawadar tana nan yadda na ja ta. Irin wannan haɗin zai riƙe na ɗan lokaci idan an buge shi da ƙarfi, sannan ya saki, kuma kafin ya saki ya lalata ramin cok ɗin. A ƙarshe cikin tsofaffin kayan aiki na gwanjo na sami mai alamar da ta dace a kawunanta biyu.

Wajen haɗawa, na mayar da kowane haƙori raminsa bisa alamar da na yi, na daidaita tsawonsu, na shafa giris kaɗan a zaren noti da bayan haƙoran, na ɗiga mai marar kauri a hanyar da suke zamewa. Giris mai yawa a shagon kafinta tarkon garin katako ne. Dattijon ya mayar da rigar da injinsa, makulli ya riƙa juyawa da yatsu biyu, haƙoran suka haɗu a tsakiya ba tazara. Wuraren tsukewa kuwa na wanke su da sifirit na bar su a bushe ƙarau, ko da yatsa ban sake taɓa su ba, domin a nan mai abokin gaba ne. Na mayar da haƙoran can ciki gaba ɗaya don kada bugu ya same su, na kifa bakin cok a kan katako mai tauri, na zura sandar, na ɗora wani katakon a kanta na buga da guduma sau biyu, bugu mai nauyi kuma a miƙe. Sannan na zura ɗaya kan cikin shaf, ina juyawa har harshensa ya faɗa mazauninsa, na sa katako a kan tebur na sauko da hannun injin na danna da ƙarfi.

Ban kunna wuta ba sai da na gwada da hannu. Na ɗaura miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe mai santsi a madadin mahuji, na ɗaure ta ta ramukan makulli duka uku, na kafa fensir a kan tebur bakinsa yana dab da ita, na riƙa juya fuli a hankali. Idan akwai karkata, fensirin zai taɓa gefe ɗaya ya bar sauran. Tazarar da na gani ba ta kai kaurin takarda ba, kuma ga aikin katako wannan ya wadatar. Na zare makulli daga jikin cok kafin in mayar da waya, domin makullin da aka manta a ciki yana fita da gudun da zai iya raunata mutum. Gwajin farko a kan guntun maɗaci na yi shi, ramin ya fito daidai kaurin mahujin, turun katakon da na zura a ciki ya zauna ba girgiɗi.

Tun daga lokacin na hana a ɗaura ganga mai samfefa a injin don goge gefen katako, domin tsukewar Morse an yi ta ne don danniya daga sama zuwa ƙasa, turi daga gefe kuwa yana sassauta ta. Da hunturu, duk ranar da aka tashi aiki ana buɗe haƙoran a kaɗe ƙura da garin katako da buroshi. Da damina kuma ana shafa wa bayan cok ɗin mai da tsumma, a rufe kan injin da buhu maimakon leda, saboda leda tana tara gumi a ƙarƙashinta.