Hijabi, gwanjo da ankon biki: yadda nake tufatar da kaina a Accra

Abu biyu ne suka haɗu suka hana ni sakat a kan maganar sutura shekarar da na tare a Accra: iskar garin da kuɗin haya. Iskar nan ta bakin teku ce, mai danshi, ba irin zafin Kano ba da gumi ke bushewa da kansa. Dogayen hijabaina masu santsi da nake ji da su a gida, nan sai na ji kamar an ƙunshe ni a leda. Leshi da shaddar lefe kuwa damina ɗaya suka yi a ƙasan akwati suka fara warin fumfuna. Haya kuma duk mazaunin garin nan ya san hali. Doka ta ce kada mai gidan haya ya karɓi fiye da na wata 6, amma ciki da falo a Mamobi sai da maigidana ya ajiye na shekara 2 cur, shi da sana'arsa ba ta wuce kayan waya a kasuwar wayoyi ta Circle ba. A 2022 ne, shekarar da sidi, kuɗin Ghana, ya sha ƙasa, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. Wace mai hankali ce za ta buɗe baki ta ce a saya mata abaya?

Ba wai babu abayar ba. Shagunan da ke kan babban titin Nima cike suke da ita, ta Dubai, ta Makka, ta Turkiyya, an rataye su reras suna ƙyalli. Sai dai da dala ake sarinsu, don haka a lokacin farashinsu na safe daban, na yamma daban. Ni dai kallo nake na wuce na sayi kokona da ƙosai.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, haifaffiyar zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi baƙi, wadda kakanninta suka zo fataucin goro daga ƙasar Hausa, ita ta lura kullum hijabi ɗaya nake wankewa da dare na saka da safe. Kowa a gidan Mma yake ce mata.

"Amarya, ran Laraba ki yi sallar asuba da shirinki, za mu shiga gari."

"Ina za mu, Mma?"

"Inda masu wayo ke sayen kaya."

Kantamanto take nufi, kasuwar gwanjon da ke jikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kusa da babbar kasuwar Makola. Na san gwanjo, ai na sha shiga Ƙofar Wambai, amma wannan wata duniya ce. Masu bibiyar harkar sun ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kowane mako, a ɗaure cikin diloli daga Ingila, Amurka, Kanada da Chaina, ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kuma mutum sama da dubu 30 ne ke cin abinci a ciki. Laraba da Asabar ake yanka sababbin diloli. Wanda ya zo da duku-duku shi ke zaɓen farko, wanda ya bari rana ta take sai dai ya tsinci abin da aka rage.

Matsalar ita ce ba don mu aka ɗinka kayan nan ba. Ki ɗaga riga goma, tara gajeru ne ko marasa hannu, ko kuma an tsaga su har cinya. Idan kin shiga kina neman cikakkiyar suturar Musulma a rataye tana jiranki, haka za ki fito hannu rabbana. Abin da Mma ta koya mini shi ne a nan haɗa sutura ake yi, ɓangare-ɓangare. Ta ja ni muka wuce layin 'yan mata gaba ɗaya, muka tsaya wajen wata mai tulin dogayen siket. Ta zaro ɗaya ruwan toka, ta murza yadin tsakanin yatsunta, ta ɗaga shi saitin hasken da ke ratsowa ta ɓular kwano. Tafin hannunta ya bayyana ta ciki ƙarara, ta mayar. Ta ɗauki wani, ta juya cikinsa, ta bi bakin ɗinki da farce, ta nemo 'yar takardar da ke gefe ta miƙo mini in karanta mata ko auduga ce zalla. Auduga ce. Mai kaya ta faɗi kuɗi da Turanci, Mma ta mayar mata da Twi, aka yi dariya, aka tsaya a rabin abin da aka fara faɗa.

Daga ranar na san wuraren da ake dubawa. Tulin kayan Indiyawa da 'yan Pakistan da ke zuwa a dilolin Ingila shi ne taskata: riguna har gwiwa masu dogon hannu, wanduna masu faɗi, da manyan gyale marasa nauyi da ke zama mayafi ba tare da an taɓa su da almakashi ba. Rigunan maza na auduga, a kan dogon siket, sun wadatar a zaman gida da zuwa famfo. Sai layin zannuwan gado, wanda na fi kowanne so. Zanin gado mai launi ɗaya, na auduga mai kauri, yana fitar da hijabin salla har ƙasa wanda iska ke ratsawa, a wanke shi sau ɗari bai ce uffan ba. Tsaga kuwa ba abin damuwa ba ce, don a cikin kasuwar akwai teloli jere da kekunansu, kina tsaye za a rufe miki ita, ko a ƙara wa hannun riga tsawo da ƙyallen da ya dace.

Kayan ciki ne kawai ban yarda na saya a gwanjo ba, dama gwamnatin Ghana ta haramta shigo da su.

In na dawo gida sai jiƙo da ruwan zafi da Dettol, wanki biyu, shanya a rana sosai, guga, sannan turaren wuta a kan kasko. Na taɓa tambayar malamarmu ta Islamiyya game da salla da tufafin da ba a san wanda ya saka su ba, ta ce a wanke shi ke nan, ba a ɗora wa tufafi najasa da zato. Masu yatsina fuska idan an ambaci gwanjo ba fiƙihu ke damunsu ba, idon mutane ne. Wasunsu ma na sha cin karo da su a layin jakunkuna, kowa ta kau da kai.

Akwai abin da ke sosa mini rai a kasuwar. Dila ɗaya takan kai kilo 55, kuma a kan 'yan matan da ake kira kayayei take tafiya, yawancinsu daga arewacin Ghana, da yawansu Musulmi, wasu ba su wuce sa'ar ƙanwata ba. Arhar da nake samu akwai wuyan wata a cikinta. Mai sari ita ma caca take yi, don ba ta ganin cikin dila sai ta biya, kuma wasu sun ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na kayan a bola da bakin teku suke ƙarewa. Shi ya sa na rage tsananin ciniki da matan nan, musamman bayan gobarar farkon Janairun 2025 da ta lashe mafi yawan rumfunan. Da katako da bashi suka sake tayar da su, kaya kuma suka ƙara kuɗi.

Na fita unguwa da na Juma'a, idan za mu babban masallacin Kanda, sai atamfa daga Makola. GTP da ATL 'yan ƙasa ne, masu kyau, amma sun fi ƙarfin aljihuna a yawancin watanni, sai in ɗauki Hitarget in kiyaye ta daga rana. Wajen tela ne sai an yi hattara. Wadda ta saba da ɗinkin kaba da silit na matan Ghana, ko kin ce ta sake, hannunta zai kai ga matsewa. Telolin zango, musamman 'yan Nijar da Mali, su suka san bubu da doguwar riga. A kai ɗinkin salla tun Sha'aban, in azumi ya kama kuɗi ya ninka, alkawari kuma ya zama labari.

Duk wannan tattali, anko ne ke rushe shi. Matan zango akwai zumunci, ban taɓa ganin irinsa ba, amma kusan kowace Lahadi da aure ko suna, kowane biki da yadinsa, har da mayafin da zai shiga da shi. Kuɗin anko biyu sun isa su tufatar da ni rabin shekara a Kantamanto, kuma yadin nan sau ɗaya ake sakawa ya koma akwati. Na ga mata suna kwasar susu, wato adashinsu na nan, kacokan su zuba a kai, yara kuma na jiran kuɗin littafi. Baƙuwa ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, don in ba ta yi ba a ce ba ta son mutane, ga shi ba ta da dangin da za su kare ta.

Na kai wa Mma kuka, ta ce, "'Yata, na gidan nan da na dangin mijinki ki yi. Saura ki je da wuri ki kama aikin tukunya, babu mai tambayar wadda ke tuƙa tuwo ina ankonta." Haka nake yi. Akwai wadda har yau ba ta amsa gaisuwata da daɗi saboda ban sayi yadin bikin 'yarta ba, sunan jikarta kuma yana nan tafe wata mai zuwa, an riga an turo hoton yadin a WhatsApp.