Kuskuren da na yi wa Najwa

Ina aji uku a jami'a na karanta Minaret, littafin Leila Aboulela 'yar Sudan, wanda ya fito a 2005. Labarin Najwa ne, ɗiyar wani babban jami'in gwamnati a Khartoum. Aka yi juyin mulki, aka kama mahaifinta, suka tsere Landan, daga baya aka kashe shi. Uwar ta rasu, abokin tagwaitakarta Omar ya shiga kurkuku, ita kuma ta koma aikatau a gidan mutane. A nan ta fara zuwa masallacin Regent's Park, ta ɗaura ɗankwali.

Na rubuta a jarrabawa cewa talauci ne ya kora ta masallaci, wai ta rasa tudun dafawa ne kawai. Na ci maki mai kyau, na daɗe ina ganin na fahimci littafin.

Ƙannena, ban fahimce shi ba. Sai da na tafi karatu Ingila. Wata huɗu ina salla ni kaɗai a ɗaki, ina cewa masallaci ya yi nisa, alhali girman kai ne: ba na son a gan ni cikin masu neman taimako. Azumi ya zo, na sha ruwa kwana tara babu wanda zan ce wa "an sha ruwa lafiya?" Ranar goma na je. Wata tsohuwa 'yar Somaliya ta matsa mini a sahu, ta miƙo dabino, ba ta tambayi sunan ubana ba, balle takardar zamata.

A daren na tuna wurin da na tsallake a littafin. Da mahaifiyar Najwa ta rasu, matan masallaci ne suka zo suka yi mata wanka, mutanen da ba su taɓa saninta ba. Waɗanda suka ci arzikin gidansu a Khartoum fa? Wannan Aboulela ke nunawa, kuma ta san abin da take faɗa, don ita ma ta bar Sudan, ta koma zama a birnin Aberdeen na Scotland a 1990.

Idan kun haɗu da baƙo mai riƙe da addininsa a irin waɗannan littattafai, kada ku yi saurin ce masa ragon da duniya ta kayar. Ku duba wa ya karɓe shi ranar da kowa ya watse. In kuma tafiya ta kama ku, ku nemi jam'i tun makon farko. Ni sai da na yi asarar wata huɗu da kwana tara na azumi.