Babin Da Aka Ce In Cire

Da zarar an kammala jarrabawar wannan zangon zan miƙa makullin ofis in bar sashen. Tun da labarin ya fita ƙannenmu masu digiri na biyu ke tare ni a baranda, wai in bar musu shawara. Ba ni da wani dogon jeri. Kusan duk abin da na sani game da zaman jami'a a kan babi guda na kundina na koye shi, don haka labarinsa zan bayar, kowa ya tsinci abin da zai tsinta.

Waɗanda muka yi zamani tare sun san kundin a kan yadda wasan dandamali ke komawa fim ne. Namu na gida su ne ƙashin bayan aikin: Shaihu Umar, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasa, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976, sai Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina da Brendan Shehu ya mayar fim. Babi na uku kaɗai ya leƙa waje, ya ɗauko wani tsohon wasan ƙauye na Amurka mai suna Way Down East. Wata mata, Lottie Blair Parker, ita ta rubuta shi. Furodusa William A. Brady ya karɓa ya ba Joseph R. Grismer ya yi masa kwaskwarima, aka fara nuna shi a 1897, ya shiga birnin Niyok a farkon 1898. Daga nan ya shafe shekara ashirin da wani abu ana yawo da shi gari gari. Phoebe Davies, matar Grismer, ta hau dandamali a matsayin tauraruwar wasan sau dubbai.

Labarin bai da wani sarƙaƙiya. Anna Moore 'yar talakawa ce. Wani ɗan masu kuɗi, Lennox Sanderson, ya yaudare ta da auren bogi, da ciki ya bayyana ya ce ai babu aure. Ta haihu, jaririn ya rasu. Ta sami aikatau a gonar wani dattijo mai tsananin addini, Bartlett, ɗansa David ya kamu da sonta. Sai wata magulmaciya, Martha Perkins, ta tono tsohon zance ta kai wa maigidan. Ya kore ta ana tsakiyar cin abinci, a daren da ake zuba dusar ƙanƙara, alhali wanda ya lalata mata rayuwa yana zaune a teburin nan a matsayin baƙon girma. Kafin ta fita ta juyo ta nuna shi.

An fara ɗaukarsa a fim a 1908, wani gajeren abu da Sidney Olcott ya yi wa kamfanin Kalem. Wanda duniya ta sani shi ne na D. W. Griffith na 1920, marar magana, da Lillian Gish da Richard Barthelmess. Dala 175,000 Griffith ya biya Brady kuɗin haƙƙin mallaka, mutane suna yi masa dariya ya zuba dukiya a kan wasan da ya tsufa. Ya mayar da kuɗinsa ninkin baninki.

Hujjar babin nawa ga ta. A dandamali, a ƙofar gonar Bartlett ake fara ganin Anna, baƙuwa mai neman aiki, abin da ya same ta a baya kuwa da baki ake ba da shi. Griffith ba shi da baki, sai hoto da 'yan layukan rubutu da ake sakawa tsakani. Saboda haka ya koma baya ya nuna komai: zuwanta Boston wurin dangi masu arziki da suke jin kunyar suturarta, ɗaurin auren ƙarya, ɗakin hayar da ta haihu, da daren da ta yi wa jaririnta baftisma da hannunta don babu wanda zai yi masa, tana hura masa hannu tana ƙoƙarin ɗumama shi bayan rai ya riga ya yi halinsa. Kafin ta iso gonar, mai kallo ya zama shaidarta. Sannan ya ƙara abin da babu shi sam a dandamali, wato kogi. A wasan, cikin dusar ƙanƙara David ya tsinto ta, aka rufe labule a wata bukkar dafa sukari a daji. A fim kuwa ta suma a kan wani ɓallin ƙanƙara da ruwa ke ja zuwa mafaɗa, David yana tsalle daga wannan zuwa wancan har ya fizgo ta a bakin gaɓa. An ɗauki wannan a White River Junction ta jihar Vermont cikin sanyin gaske, aka cike da wasu hotuna daga kogin Farmington inda aka yi ƙanƙarar katako, mafaɗar ruwan kuma ta Niagara ce aka sarƙa a wurin tacewa. Gish ta bar hannunta da gashinta cikin ruwan har hannun ya ci gaba da damunta iyakar rayuwarta. Masu nazarin haɗa hoto, har da Pudovkin na Rasha, kogin nan suka riƙe. Ni kuma na ce kogin ne ya ɗaukaka fim ɗin a idon masana, amma ba shi ya riƙe jama'a shekara ashirin ba, tunda a duk tsawon shekarun babu shi. Teburin cin abinci ne ya riƙe su. Da Henry King ya sake yin fim ɗin a 1935 da Henry Fonda, ga magana ga ƙanƙara, bai kama ƙafar na Griffith ba.

Ban tsaya a takarda ba, na gwada. Na haɗa 'yan aji uku a ɗakin kallo, muka yi karo-karon man janareta, na haska musu shi a bango. Fim ne mai tsawo, ya haura awa biyu, ga barkwancin ƙauyawa da ya daɗe da yin tsami, rabin ajin suna danna waya. Da aka zo teburin, Bartlett ya miƙe ya nuna mata ƙofa, wayoyi suka koma aljihu. Wata ɗaliba a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ta ɗaga murya ta ce, "To shi fa? Shi ba za a kore shi ba?" Ba ta rufe baki ba Anna ta juyo ta nuna Sanderson, ɗakin ya ɗauki sowa. Da aka zo kogin dariya suka yi ta yi wa tsallen David, wani ma yana cewa wallahi katako ne. Duk na rubuta wannan a babin, har da maganar yarinyar, ba tare da sunanta ba.

Malamin da ke duba min aikin, Dakta ne a lokacin, ya riƙe babin har na fara jin nauyin tambaya. Ranar da ya kira ni, takardun suna gefen tebur, kofin shayi ya bar zobe a kan shafin farko. Jan biro bai wuce shafi na biyu ba. Ya tura min su da bayan hannu ya ce, "Kai yanzu me ya haɗa Bahaushe da wasan ƙauyawan Amurka? Mu da muke fama a san namu." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai don namun na kawo shi. Yarinyar da mai kuɗi ya yaudara, aka bar ta da abin kunya shi yana yawonsa, ai shi ne Kulɓa Na Ɓarna. Ina so a ga yadda kowanne ya sauya da ya shiga kyamara." Ya ce in ina son in kare kundin nan a bana, in cire. Ya kuma ce in bar masa kwafin a filashi, zai duba ko akwai sakin layi ɗaya ko biyu da za a iya cetowa a sa a gabatarwa. Na bar masa. Wa zai ce wa mai duba aikinsa a'a?

Na cire babin, na like ramin da abin da ya samu, kundin ya tafi da ɗingishi. A wurin karewa mai jarrabawa na waje ya tambaya me ya sa ban kwatanta da ko misali ɗaya daga wata ƙasa ba. Dakta yana zaune kusa da shi yana gyaɗa kai, har da cewa ya sha gaya min.

Bayan an ɗauke ni aiki a sashen, ina ɗakin karatu ina neman wani abu daban, na buɗe mujallar wata tsangaya na ci karo da babina. Kan maganar kawai aka sauya. Sunansa ne a sama, shi kaɗai. Hatta kallon da muka yi da man karo-karo yana ciki, an mayar da shi gwajin da "mai wannan maƙala" ya gudanar, da maganar yarinyar layin baya yadda na rubuta ta. Na duba ƙasan shafi ko akwai godiya, na duba ƙarshe. Babu.

Abu ɗaya ne nasa a ciki, sakin layin buɗewa, kuma a nan ya rubuta cewa Griffith ya ɗauko fitowar kogi daga dandamali yadda take. Wato ko shafi na shida na abin da ya sa wa suna bai karanta ba, inda aka yi bayani dalla-dalla cewa babu kogi a wasan. Maƙalar tana ƙaryata kanta da kanta, kuma masu tantancewar mujallar sun bar ta ta wuce a haka.

Na kai maganar gaban shugaban sashe, da mujallar da tsohon bugun babina mai zoben shayi. Ya duba, ya cire tabarau, ya yi shiru. Sannan ya tambaye ni ko an tabbatar min da aikina. Na ce tukuna. Ya ce to wa nake zaton zai zauna a kwamitin? Ya ce in yi haƙuri, ɗalibi da malaminsa ai ɗa da uba ne, kuma abin da ɗa ya noma na gida ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a gandu ana ba yaro gayauna." Bai yi dariya ba. Ya miƙo min mujallar, bugun babin kuwa ya ce zai ajiye. Ban sake ganin bugun ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a cikin babin akwai shafi biyu a kan ita Lottie Blair Parker. Ita ta ƙirƙiri labarin, amma da aka mayar da shi littafi a 1900 sunan Grismer ne a matsayin marubuci, da Griffith ya zo saye wurin Brady ya je, yau kuma kowa fim ɗin Griffith yake cewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na rubuta shafukan nan da zafin rai irin na ɗalibi, kuma suna nan a maƙalar Dakta ba a taɓa ko waƙafi ba. Ita dai ko ba komai an bar sunanta a fosta.

Ba na cewa duk malamai haka suke. A sashen nan akwai wadda ta karanta min babi na huɗu cikin dare biyu alhali ba ɗalibinta ba ne ni, ta dawo min da shi ja wur da gyara, ba ta nemi ko na gode ba. Amma ku da kuke tambaya, ga abin da zan ce. Kada babi ya bar hannunku ta filashi. Ku tura ta imel, kwanan wata ya zauna. Duk abin da kuka san ya yi kyau ku karanta shi a seminar sashe gaban mutane kafin ya kwana a ofishin kowa, don abin da kunne talatin suka ji daga bakinka yana da wuyar sauya uba. In an ce ku cire babi, ku tambayi dalili a rubuce, cikin ladabi. Bugun da ke da rubutun hannun malami a kai kada ku ba kowa asalinsa, ko shugaban sashe ne.

Sauran ƙanana ne. Kada ku yi rubutu a kan fim ɗin da ba ku kalla daga farko har ƙarshe ba. Na Griffith yana intanet kyauta, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa. Ku riƙa gwada hujjarku a kan 'yan aji, sun fi mai jarrabawa gaskiya. Ku yi zumunci da ma'aikatan ɗakin karatu da mai kula da janareta. Wanda zai gaji kwas ɗina kuma ya raba kallon gida biyu, a tsaya daidai inda Anna ta iso ƙofar gona, in ba haka ba yara za su gaji kafin a zo teburin.

Dakta ya zama Farfesa, maƙalar tana cikin abin da aka ƙirga masa. Muna gaisawa, yana ce min ɗana. A zangon da ya wuce wata ɗalibar aji huɗu ta kawo min kundinta, ta rubuta cewa tun a dandamali ake nuna Anna a kan ƙanƙarar kogi, ta kafa hujja da maƙalar. Na ja layi na ce ta gyara, babu kogi a wasan. Ta ce, "Malam, Farfesa ne fa ya rubuta." Na ce ta koma ta karanta maƙalar har shafi na shida, in ta ga wanda ya fi gamsar da ita tsakanin mai shafin farko da mai shafi na shida, ta bi shi. Washegari ta dawo ta goge layin, tana tambayata yadda aka yi mutum ɗaya ya faɗi magana biyu. Na ce ofishinsa yana hawa na sama, ƙofa ta biyu a dama.