Laraba, ni da korutin

Tun bayan sallar asuba na zauna kan ɗan yaren shirya manhaja da nake ginawa da yaren C. Burina na yau guda ne: aiki ya iya tsayawa a tsakiyar hanya, ya ba wani wuri, daga baya ya ɗora daga daidai inda ya tsaya, kayansa duk suna nan yadda ya bar su. Korutin ke nan. Melvin Conway ya yi bayaninsa a rubuce tun 1963, amma ni yau shi ya hana ni karin kumallo.

Wahalar tana cikin injin da ke gudanar da yaren. Yadda yake a da, duk sanda fankshin (guntun manhaja mai yin aiki guda) ya kira wani fankshin, injin ma sai ya sake kiran kansa a cikin C. Saboda haka bayanin inda kowane aiki ya kai yana jibge ne a kan sitak ɗin C, wato tarin da ake ɗora bayanin kowane kira bisa na baya, shi kuwa wannan ba ya yarda ka zare tsakiyarsa ka ajiye gefe. Abin da ya hau ƙarshe shi zai fara sauka, ba zancen alfarma.

Sai na buɗe lambobin wani yaren shirya manhaja, Lua 5.3, in ga yadda mutanen jami'ar PUC-Rio ta Brazil suka fita daga wannan. Su tun 2003, a Lua 5.0, suka shigo da korutin. Kowane korutin yana da nasa lua_State (ma'ajin halin da yake ciki) da nasa sitak a cikin ƙwaƙwalwar da yaren yake riƙe da ita da kansa. Idan fankshin na Lua ya kira ɗan'uwansa, injin ba ya kiran kansa, sai ya ƙara sabon shafi na bayanin kiran kawai ya koma saman zagayensa da umarnin goto. In an zo yield, wato umarnin dakatawa a ba wani wuri, sai longjmp na C ya yi tsalle ya koma wurin wanda ya kira resume, umarnin da ya tashi korutin ɗin. Abin da ya bi ta cikin C kuwa ya tafi ke nan. Saboda wannan matsalar ta sitak ɗin C ne a Lua 5.1 ba a iya yield a cikin pcall, fankshin ɗin C mai kama kuskure, sai a 5.2, shekarar 2011, da suka kawo lua_pcallk, inda kake faɗa tun farko wane fankshin zai karɓi aikin in an dawo.

Daga azahar zuwa la'asar na kwashe shafukan kira na mayar da su cikin jerin da nake kula da shi da hannuna. Gwajin farko ɗan ƙarami ne: aiki ɗaya yana miƙo 1, 2, 3, ɗayan yana bugawa a allo. Da na ga lambobin sun fito bi da bi, na tashi na haɗa shayi.

Mai rabon layi, wato mai zaɓar aikin da zai gudana a gaba, bai ci lokaci ba. Ɗauki na gaba, tashe shi, in ya ƙare ka yar, in ya dakata ka mayar da shi baya. Masu barci kuma suna jeri dabam, kowa da lokacin farkawarsa.

Bayan magariba na saka zagaye marar ƙarshe wanda babu yield a cikinsa, da gangan. Komai ya sandare. Kamar layin famfo ne da babu mai tsawatarwa, in mutum ɗaya ya ƙi janye bokitinsa kowa ya tsaya. Haka Windows 3.1 take yi a zamaninta, manhaja guda ta riƙe kwamfuta gaba ɗaya. Ƙanena da ke leƙen allon ya ce, "Yaya, ai sai ka ƙwace da ƙarfi." Ana iya yi, yaren Erlang ma ƙirga wa kowane aiki take yi ta sauke shi in rabonsa ya cika. Amma na ƙi. Daɗin wannan tsarin shi ne tsakanin yield da yield babu mai taɓa maka bayanai, ba ka buƙatar makullin hana ayyuka biyu taɓa abu guda. Ranar da na fara ƙwace, duk wannan ya rushe.

Saura fankshin ɗin jera abubuwa, wanda yake cikin C kuma yana kiran mai kwatantawa da aka rubuta da yaren. Lua ma har yanzu ba ta yarda da yield a cikin table.sort, nata fankshin ɗin jerawa. Gobe in Allah ya kai mu zan hana shi a nawa, in rubuta saƙon kuskure da zai nuna layin da abin ya faru.