Bin Sawun Fataken Gwanja

Kusan duk gidan da ka shiga a zangunan Gana ka tambayi inda kakansu ya fito, amsa ba ta wuce Kano, Katsina ko Sakkwato, wani lokaci a ce Barno. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai amsar ba ta kai mai bincike ko'ina. Mutumin da ya taso daga wani ƙauye a ƙasar Bebeji ko Madobi, in ya yi tafiyar watanni ya isa bakin kurmi, Bakano ne kawai. Jikokinsa suka riƙe sunan birni, na ƙauye ya bi ruwa. Aikin digirina na biyu a fannin tarihi ne ya kai ni can, kan iyalan fataken goro da suka tafi Gwanja, a arewacin Gana ta yau, ba su dawo ba, kuma tambayar da ta fi amfane ni ba ta cikin waɗanda aka koya mana a aji.

Dole a fara sanin cewa sawun mutanen nan ba miƙaƙƙe ba ne. Goro a kurmin Asante yake, amma sarakunan Asante sun tsare fatake a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, nan ayari ke sauke kanwa da tufafi da fatu, ya ɗauki goro ya juya. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a arewa ya yi sanyi, ciniki ya fara karkata zuwa Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi Salaga, mutanenta suka watse, wasu Kete-Karaci, wasu Yeji, wasu har Akra. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, hanyar da irin su Alhassan Ɗantata suka ci moriyarta. Saboda haka gida ɗaya sai ka tarar kakansu ya yi aure a Salaga, ya haihu a Kete-Karaci, an binne shi a Kumasi, kowane wuri kuma da sunan da aka san shi da shi.

Wata tsohuwa ce a zangon Kumasi ta nuna mini inda bakin zaren yake. Na same ta a tsakar gida an kwance mata huhu, tana tsince goron da sankara ta taɓa tana jefawa a wani tsohon kwano, mai kyan kuma tana yayyafa masa ruwa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Ɗan nan, tun ɗazu gari kake ta tambaya. Ka tambaye ni a gidan wa Malam ya sauka mana." Na ce, "To Hajiya, a gidan wa ya sauka?" Sai ta ambaci wani maigida Ba'agale, wato ɗan Agalawa, ɗaya daga cikin zuriyoyin fataken goro, ta faɗi ɗakin da ya ba shi a zaure na biyu, da 'yar ƙanwarsa da ya aura masa bayan ya ga hankalinsa. Gidan yana nan, layi biyu tsakani. Jikokin maigidan ba su san komai game da zuriyar baƙon ba, amma sun san ƙauyen nasu kakan, sun kuma san ba ya saukar da kowa sai mutanen yankinsu.

Dalilin haka a fili yake ga wanda ya san yadda fatauci ke tafiya. Baƙo ba ya shiga gari ya nufi kasuwa kai tsaye. Maigida ne zai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi goro bashi, shi kuma ya samu la'ada. Wanda zai tsaya wa mutum a kan dukiya ba zai karɓi wanda bai san asalinsa ba. Shi ya sa Agalawa ke neman gidan Ba'agale, Tokarawa nasu, Kambarin Barebari nasu. In baƙon ya yi ƙarfi ya gina gida, shi ma ya fara saukar da na baya. Da na riƙa bin wannan sarƙa ta masauki, sai unguwa ta fara bayyana a gabana gida bayan gida, har a kai ga wanda ya fara neman fili wajen masu ƙasa, kamar yadda Malam Baƙo ya yi a Sabon Zangon Akra a farkon ƙarni na 20. Mutum zai iya gyara sunan garinsu don ya yi armashi, amma wanda ya saukar da kakansa maƙwabta ma sun sani, ba shi da yadda zai canza.

Maza su ne ke karɓar baƙo a zaure su jero kakanni, amma yawancin abin da ya tsaya da ƙafafunsa a littafina daga cikin gida ya fito. Mata ne suka san wa ya auri wa, wa aka ba riƙo, wane ne ɗan uba, wane ne agola. Wahalarsu ɗaya, alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko surukinta ko ɗan farinta ba, sai "Malam", sai "mai sunan Malam", sai ka nemi wata jika ta raɗa maka. Ga kuma Hausar zango da ba ta cika raba mace da namiji ba. A ce maka "ya haifi biyar" alhali kakarsu ake nufi. Duk sunan da na rubuta sai na tambaya, mace ko namiji?

Takardu kuwa akwai su, amma da nasu halin. A ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Akra da Kumasi da Tamale, Ibrahim ya zama Braimah, Umaru ya zama Imoru, Sa'idu Seidu, Husaini Fuseini, gwargwadon kunnen akawun da ya rubuta. Kalmar Bahaushe ma ba abin dogaro ba ce a wajen Bature. Rundunar da suka kafa a 1879 da sunan Hausawa cike take da Gurunsawa da Mosawa da Zabarmawa, duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa an haɗa. Inda ake samun jerin kakanni mai tsawo shi ne takardun ƙorafi kan sarautar zango, su kuma an rubuta su ne don cin shari'a: kowane ɓangare kakansa ne ya sare dajin. Ina karanta su don in san wa ke rigima da wa, ba don in san wanda ya riga zuwa ba.

Na fi yarda da rubutun da mai shi bai yi don tarihi ba. Ƙarshen littafin da wani malami ya kwafa da hannu, inda ya sa sunansa da na mahaifinsa da garin da ya gama. Takardar ijaza mai jero malamai. Bangon Alƙur'ani da aka rubuta ranar haihuwar yara da tawada. Akwai tarin irin waɗannan a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, waɗanda aka tattara a shekarun 1960, amma da yawa suna cikin gafaka a gidaje, kuma ba a buɗe wa mai gaggawa. Shekaru kuma ba a tambayarsu da lamba. Sai dai ka ce, lokacin girgizar ƙasar Akra an yaye ki? Wannan 1939 ke nan. Ranar da rana ta yi husufi gari ya yi duhu, 1947. A ɓangaren Kano kuwa, yunwar Ƙaƙalaba ta 1914 ce ma'aunin tsofaffi da yawa.

Akwai wuraren da magana ke tsayawa cak. Ɗaya 1969 ne, lokacin da gwamnatin Firayim Ministan Gana Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Wasu gidajen sun rabu biyu a lokacin, waɗanda suka tsaya kuma suka koyi cewa su 'yan Salaga ne ko Yendi tun fil azal, har jikoki suka taso da haka. Ɗayan ya fi nauyi. Salaga kasuwar bayi ce kamar yadda take ta goro, kuma hare-haren Zabarmawa ƙarƙashin jagoransu Babatu a ƙasar Gurunsi sun cika ta da mutane. A jerin kakanni sai ka iske wata kaka ba uba ba gari, an ce "daga arewa aka zo da ita". Wasu abokan karatuna na ganin aikin masani ne ya rubuta duk abin da ya gano. Ban yarda ba. Mutanen nan suna aurayya da juna har gobe, kuma tonon asiri irin wannan yana iya fasa baiko. A kundina na yi bayanin yadda bayi suka shiga gidajen fatake suka zama dangi, da dalilan da suka jawo haka, amma ban ɗora shi a kan sunan kowane gida ba. Kowane iyali na ba su kwafin abin da suka faɗa mini da bakinsu, abin da na ji daga maƙwabta kuma ban haɗa musu da shi ba.