Yaron da Ya Zo da Tattabara a Kwali

Lahadi, bayan isha'i.

Hunturu ya kankama a Kano. Da na hau soro bayan sallar asuba, hazo ya rufe Dutsen Dala ruf, ko alamarsa ba a gani. Na buɗe wa tattabaru amma ba wadda ta yi marmarin tashi, duk sun takure a bakin tukwanensu sun hura gashi. Na zubar da ruwan jiya, na wanke kasko na zuba sabo, na watsa musu gero da dawa da 'yar alkama. Baƙar nan mai farin wuya yau kwananta 15 a kan ƙwai, saura kwana 3 ta ƙyanƙyashe in Allah ya yarda. Da hantsi ya ɗaga namijin ya karɓe ta, kamar yadda suka saba, shi ya yini a kai ita ta kwana.

Yau ce ranar zamanmu na wata-wata, mu masu kiwon tattabara na wannan yanki. Shekara 4 ke nan da muka fara, mu 7, a zauren wani dattijon mai kiwo da muke kira Baba, babu littafi babu ma'aji. Rigima ce ma ta haɗa mu. Duk mai kiwo ya san babbar tattabara ba ta manta gidan da ta tashi. Ka saye ta da kuɗinka, ka sake ta bayan kwana biyu, kafin la'asar tana kan katangar wanda ya sayar maka. Mai tsoron Allah ya aiko maka da abarka, wani kuwa ya rantse wannan ba ita ba ce, ƙanwarta ce. Shi ya sa muka fara sa zobe mai lamba. Ana zura wa ɗan shila yana kwana 6 ko 7, lokacin da yatsunsa ke iya wucewa, in ƙafar ta yi ƙwari ba ya fita sai an yanke. Lambar tana cikin littafi, littafin yana hannuna. Tun daga nan gardamar "tawa ce" ta ragu ƙwarai.

Yanzu sunaye 31 ne a littafin. Tabarma uku muke shimfiɗawa, har wasu na zama a dakalin waje. Akwai fuskokin da sai na leƙa littafi nake tuna sunansu, kuma wannan yana damuna. Ma'aji ya karanta lissafi: mutum 12 ba su biya kuɗin ƙungiya Naira 500 na watan jiya ba. Aka yi 'yar hayaniya, aka wuce.

Ana cikin zuba shayi sai ga sallama daga bakin ƙofa. Yaro ne, ba zai wuce shekara 14 ba, ƙafafunsa fari fat da ƙura, ya rungume kwalin taliya da aka huhhuda da ƙusa.

"Don Allah nan ne wajen masu tattabara? An ce in kawo ku duba min."

Ya durƙusa ya buɗe kwalin a tsakiyar tabarma. Ja ce, kyakkyawa, amma wuyanta ya murɗe har ƙasan bakinta na kallon rufi. Akwai 'yan ƙwayoyin gero a kwalin, ta kai sara ta sari gefe, ta sake kaiwa ta kife. Ƙasan kwalin ya jiƙe da kashi mai ruwa-ruwa, kore. Babu wanda ya buƙaci bayani a cikinmu. Cutar murɗe wuya ce, 'yar'uwar Newcastle da ke kwashe kaji a irin wannan lokaci na sanyi.

Baba ya miƙe da saurin da ban san yana da shi ba. "Kai, fita da ita! Maza waje! Wa ya aiko ka ka kashe min tsuntsaye?"

Yaron ya rufe kwalinsa hannu na rawa, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Ban ga laifin Baba ba a kan tsoron. Ɗakin tattabarunsa yana bayan zauren nan, taku goma bai cika ba. Kuma ya sha ba mu labarin 2006, shekarar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta ɓulla a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, ta kuma iso gonakin Kano. Mutane suka ƙaurace wa kaza da duk wani mai fiffike, shi kuwa tsoro ya sa ya rabu da irin da ya yi shekaru yana tacewa. Wanda ya ga haka, in ya ga murɗaɗɗen wuya a kan tabarmarsa dole hankalinsa ya tashi. Amma idon yaron nan lokacin da yake rufe kwali ya tsaya min a rai.

Aka naɗe tabarmar aka fitar rana, aka wanke wajen da ruwan omo. Da aka koma zama sai maganar da ta daɗe tana yawo a bayan fage ta fito fili. Wani daga cikin mu 7 na farko ya ce a rufe ƙofa haka nan, kada a ƙara kowa. Ya ce da muna kaɗan kowa ya san ɗakin tsuntsayen kowa, yanzu kuwa har 'yan kasuwa sun shigo, ba kiwon ne ya dame su ba, masu saye suke nema. Ya ce ga shi har yara sun fara kawo mana cuta gida. Da yawa suka gyaɗa kai, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Ni ma na lura da mutum biyu da ba sa buɗe baki sai an zo kan farashi.

Na nemi izini na yi magana. Na ce, "Baba, ku gafarce ni. Ƙofar zaure muna iya rufewa, amma tattabarunmu ba a zaure suke haɗuwa ba. A sama suke haɗuwa, su sauka a rufin masallaci ɗaya, su sha a kwatami ɗaya. Tattabara ba ta sha irin na kaza, ta ɗiba ta ɗaga kai. Tsoma baki take yi ta zuƙa, duk abin da ke bakin mara lafiya ya zauna a ruwan. Yaron nan ko mun rubuta sunansa ko ba mu rubuta ba, gobe tsuntsayensa za su tashi tare da namu. Gara ya san abin da muka sani."

An daɗe ana ja. Abin da aka tsayar a ƙarshe: ba a rufe ƙofa ba, amma duk mai son shiga sai wani tsohon ɗan ƙungiya ya tsaya masa, ya je da ƙafarsa ya ga inda yake kiwo. Sabuwar tattabara a ware ta sati 3 kafin ta shiga cikin sauran. Kuma kada kowa ya sake zuwa wajen zama da tsuntsu, mai lafiya ko mara lafiya. Mutum biyu sun tashi kafin a shafa addu'a. Ɗaya abokina ne tun muna makarantar allo, kuma bai kalle ni ba da zai fita. Gobe zan bi shi shago.

Bayan la'asar na shiga neman yaron. Yaran lungu ne suka nuna min gidan, da na ce mai jar tattabara. Mahaifinsa ya fito muka gaisa, ya ce ai tun da ya dawo bai ci abinci ba.

Wajen kiwon nasa galan-galan ne da aka yanke wa ciki aka rataye a bango, a ƙasansu akurkin kajin mahaifiyarsa. Kwano ɗaya ne na ruwa, kaji su sha tattabaru su sha. Guda 6 gare shi. Jar kuwa a kasuwa ya sayo ta kwana 8 da suka wuce, da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya kawo ya jefa ta cikin sauran a ranar. Babu wanda ya taɓa gaya masa ana warewa. Ni ma a shekarunsa haka na yi, ɗaki guda na rasa.

Na gaya masa gaskiya: wannan cuta ba ta da maganin da ke kashe ta, kada ya ɓata kuɗinsa a kan kafso. Amma ba duka take kashewa ba, da yawa yunwa da ƙishirwa ne ke ƙarasa su saboda sun kasa saita baki. Na nuna masa yadda zai riƙe ta a tafin hannu, ya buɗe bakin a hankali ya sa ƙwaya ɗaya-ɗaya, sannan ya tallafi kan ya tsoma bakin a ruwa iya hanci. Da ya gwada, ta zuƙa. Muna kallon maƙogwaronta yana motsi.

"Kawu, ta sha! Wallahi ta sha!"

Muka kai kwalin can bayan banɗaki inda iska ba ta bugawa. Na ce sauran biyar ɗin kada ya sake su ko sau ɗaya sai na ce, ya raba musu ruwa da kaji, ya riƙa fara kula da masu lafiya kafin ya taɓa ta, ya wanke hannu da sabulu. Kajin su ne abin ji. Kusan dukkanmu muna da kaji a gida, shi ya sa muke haɗa kuɗi mu sayi rigakafin Newcastle irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke yi. Kwalba ɗaya ta yi wa kajin gida ɗaya yawa, sai an riƙe ta cikin sanyi, in an haɗa ta kuma ba ta jira. Na ce wa mahaifin zan tambayi likitan dabbobin da ke duba mana ko za a sa gidansu a zagaye na gaba, ko kuwa sai an ga yadda kajin suka kwana tukuna.

A hanyar dawowa na tsaya ƙofar gidan Baba, ban shiga ba saboda kayan jikina. Bai sauko daga fushinsa ba. Abu biyu kawai ya tambaya, guda nawa ne, kuma ina gidan yake. Na ce 6 ne, gidan kuma lungu uku ne tsakaninsa da nan. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce gobe ba zai saki nasa ba.

Da na iso gida na cire kayan na jiƙa, na yi wanka. Ban hau soro ba, babban ɗana na sa ya rufe musu, ya ce baƙar ta koma kan ƙwanta. Na ɗauko littafi na rubuta sunan yaron a layi na 32 da fensir, sai zama na gaba ya amince a bi da biro. A gurbin mai tsaya masa na sa sunana. Ƙarfe bakwai na safe zan kira likita.